Mai Hoton Hutu: Kuɗin Me Ake Biya?

Idan iyali suka dawo daga tafiyar hutu aka baje hotuna, akwai mutum ɗaya da ba kasafai ake ganinsa a ciki ba, shi ne wanda wayar ke hannunsa. 'Yan hotunan da kowa ya fito a ciki kuwa, ko dai wani mai wucewa aka roƙa ya danna a gaggauce ya yanke wa mutane ƙafafu, ko kuma an miƙa hannu an ɗauki kai, fuskoki sun cika hoton har ba a gane Dubai aka je ko tsakar gida aka tsaya. Wannan giɓi ne ya haifar da wata sana'a a biranen yawon buɗe ido: matafiyi ya ɗauki ƙwararren mai hoto mazaunin garin da zai je, su haɗu na rabin awa ko awa ɗaya ko biyu, su zaga wuraren da aka zaɓa, bayan 'yan kwanaki a turo masa gyararrun hotuna ta intanet. A 2013 wata 'yar Kanada mai suna Nicole Smith ta kafa kamfanin Flytographer don haɗa matafiya da irin waɗannan masu hoto, kuma bayan Airbnb ya fara tallata hidimomin 'yan gari a 2016, ɗaukar hoto ya shiga cikin abin da ake samu a dandalinsa. Wasu kuwa a Instagram kawai suke baje hajarsu. Yanzu da angwaye da amare daga Kano da Abuja da Yamai ke tafiya cin amarci Dubai ko Santambul ko Zanzibar, tambayar ta iso ƙofarmu: wannan kashe kuɗi yana da kai kuwa? A ganina yana da shi, muddin mutum ya gane abin da yake saya. Kyamara ce mafi ƙanƙantar abin da ake biya. Babban abin shi ne sanin gari: lokacinsa, haskensa, lungunansa da dokokinsa. Da ɗan gari akan ci gari.

Mai musu zai fara da waya, kuma yana da hujja. Wayoyin zamani suna ɗaukar hoton da shekara ashirin da suka wuce sai mai babbar kyamara ke iya yi, kuma da rana tsaka a fili ba kowane ido ne zai bambance su ba. Sai dai waya ba ta san ƙarfe nawa ya kamata a fito ba. A ɗauki birnin Paris. Dandalin Trocadéro, inda aka fi ganin hasumiyar Eiffel a tsaye sosai, da hantsi ya riga ya cika da baƙi da masu tallar tsaraba, shi ya sa masu hoton garin kan nemi a haɗu da fitowar rana. A watan Yuni rana kan fito a can kafin ƙarfe shida na safe, ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, don haka wanda ya saba da magaribar ƙarfe bakwai ya tsara hoton yamma da wannan lissafi zai tarar da rana na nan a sama. A Kapadokiya ta Turkiyya, manyan balan-balan ɗin da kowa ke son su fito a bayansa da asuba suke tashi, kuma idan iska ta yi ƙarfi hukumar sufurin sama takan hana tashi ranar baki ɗaya. Mai hoton da ke zaune a Göreme ya san wannan, zai ba da shawarar a sa ranar ɗauka a farkon tafiya don a sami rana ta biyu idan ta farko ta ƙi. Taj Mahal na Indiya a rufe yake ga masu yawon buɗe ido kowace Juma'a. A Dubai da bazara zafi kan haura digiri 40, kuma babu kwalliyar amaryar da za ta jure rabin awa a waje bayan hantsi. Duk waɗannan abubuwa ne da baƙo zai iya binciko wasunsu, amma sanin kusurwar da za a tsaya a kauce wa cunkoso, da titin da rana ke faɗowa a kansa a tausashe, da hanyar da za a bi a haɗa wuri uku cikin awa ɗaya, sai wanda yake yin aikin kullum.

Akwai wani ɓangaren gwanintar da ya shafe mu musamman, kuma ba a cika maganarsa ba. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton farar mace a matsayin ma'aunin daidaita launi, abin da ya sa baƙar fata kan fito a dushe ko ta nutse cikin duhu. Fasaha ta ci gaba sosai tun daga lokacin, amma matsalar auna haske tana nan a hannun mai ɗauka. Mutum baƙi sanye da farar shadda mai ƙyalli a cikin rana aiki ne mai wuya ga kowace kyamara: idan aka bi hasken rigar fuska ta yi duhu, idan aka bi fuska aikin da ke gaban rigar ya wanke ya ɓace. Mai hoton da bai saba ba yakan gyara wannan a kwamfuta ta hanyar haska fatar mutum, sai a turo wa iyali hotunan da suka zama kamar na wasu. Saboda haka kafin a duba farashi, a duba aikin da mai hoton ya yi a baya, a nemi ya nuna cikakken aikin rana ɗaya na wasu masu launin fata irin namu, domin zaɓaɓɓun hotuna goma da ke shafinsa ba sa nuna yadda sauran suka fito.

Sai doka, wadda ita ce ta fi jefa baƙo a rami. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ɗaukar hoton mutum ko yaɗa shi ba da yardarsa ba laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2021, hukuncinsa kan kai ɗaurin wata shida ko fiye, ko tarar dirhami 150,000 zuwa 500,000. A unguwar Gion ta birnin Kyoto a Japan, tun 2019 aka hana ɗaukar hoto a lungunan da mallakar mutane ne, da tarar yen 10,000. A Maroko jami'an kwastan kan riƙe ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto tun a filin jirgi idan babu izini. A Taj Mahal ba a ɗaukar hoto a cikin ɗakin kabarin, ba a kuma shiga da ƙafar kafa kyamara. Ko hasumiyar Eiffel, hasken fitilunta na dare yana da haƙƙin mallaka: hoton tunawa babu laifi, amma wanda zai yi tallar kasuwanci da shi sai ya nemi izini. Otal-otal da gidajen tarihi da yawa kuma suna barin mai waya ya wuce, su tare mai babbar kyamara su tambaye shi takarda. Nan ne ma ya kamata masu zuwa Umara su yi hattara, don masallatai biyu masu alfarma ba wurin jan mai hoto ba ne, kuma hukumomin Saudiyya sun sha jan kunnen masu tare wa jama'a hanya saboda hoto.

Wannan batu na sanin gari da dokokinsa ne ya sa ban ga hikimar ɗaukar mai hoto daga gida a tafi da shi ba, in dai ba biki za a yi a can ba. Ga kuɗin jirgi da biza da masauki, ga shi shi ma baƙo ne, ga kuma ƙasashen da yin aikin kuɗi da bizar yawon buɗe ido saɓa doka ne.

Musu na biyu ya fi nauyi: ai wannan duk shiri ne, an tsara tsayuwa, an tsara murmushi, ina gaskiyar tafiyar? Akwai inda zargin ya zauna daram. A wurin bautar Lempuyang da ke tsibirin Bali na Indonesiya, mutane kan yi dogon layi don hoton da ke nuna ƙofa da inuwarta a cikin wani tafki mai kwanciya, alhali babu tafki a wurin, madubi ne mai ɗauka yake karawa a ƙarƙashin idon waya. Wannan kam ƙarya ce da aka saya da kuɗi. Amma shirya hoto daban, ƙirƙiro abin da babu daban. Mu da muka tashi muna ganin ana caɓa ado ranar Sallah a tafi shagon mai hoto a tsaya gaban zanen labule mun san hoto shiryayye ba baƙon abu ba ne. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yakan ajiye rediyo da agogo da babur don masu zuwa su ɗauki hoto da su, kuma yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen adana zane na duniya a matsayin shaidar yadda mutanen zamaninsa suke son a gan su. Ɗan ƙasarsa, mai hoto Malick Sidibé, ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venice a 2007. Ma'aunin dai shi ne ko abin da ke cikin hoton ya faru a wurin da aka ce ya faru. Sai kuma a tuna cewa garuruwan nan akwai masu zama a cikinsu. A Santorini ta Girka, shuɗɗan ƙubbobin da ake rububin ɗauka coci-coci ne, kuma mazauna sun gaji da masu hawa rufin gidajensu. A garin Fujikawaguchiko na Japan sai da hukuma ta kafa baƙin labule a 2024 don tare wani wurin da ake hango dutsen Fuji, saboda yadda masu hoto suka addabi titi. Mai hoton kirki shi ne zai fara cewa nan ba a hawa.

Game da almubazzaranci da son a sani, ba zan ce babu su ba. A manyan dandalin nan awa ɗaya kan ci ɗaruruwan daloli, kuma idan aka juya shi zuwa naira ko sefa, kuɗi ne mai taɓa zuciya. Wanda ya ci bashi ya yi tafiya, ko wanda burinsa kawai dangin miji ko abokan aiki su gani su ji haushi, babu mai hoton da zai yi masa maganin abin da ke damunsa. Amma wanda ya riga ya biya jirgi da otal na mutum biyar, kuma tafiyar irin wadda ba a maimaitawa ce, kamar fita da iyaye tsofaffi ko bikin kammala karatun ɗa a wata ƙasa, kuɗin awa ɗaya ƙaramin kaso ne na abin da ya kashe. Akwai ma wata riba da ba a lissafawa: idan an san gobe da safe akwai mai hoto, sauran kwanakin sai a mayar da waya aljihu a kalli gari da ido.

Inda na fi ganin haɗari shi ne wurin da mutane suka fi sakaci, wato wa ya mallaki hotunan bayan an ɗauka. Da yawa suna zaton tun da sun biya, hoto nasu ne. A dokokin yawancin ƙasashe haƙƙin mallaka na wanda ya ɗauka ne, abin da mai biya ya samu izinin amfani ne kawai. Wasu ƙasashe sun yi wa wannan linzami, kamar Birtaniya, inda dokar 1988 ta ba wanda ya sa aka ɗauke shi hoto don amfanin gida damar hana a yaɗa shi. Amma ba ko'ina haka take ba, kuma yarjejeniyoyin da ake danna wa amincewa ba a karanta ba sukan ƙunshi layin da ya ba mai hoto ko kamfani damar yin talla da hotunan. Ga iyalin da ba sa son fuskar matansu ko 'ya'yansu ta yi yawo, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hoton da ya hau intanet ba a iya kiransa ya dawo, kuma mun ga yadda shafukan tsegumi ke ɗaukar hotunan amare su baza ba tare da tambayar kowa ba. Maganin mai sauƙi ne: a rubuta tun kafin a biya cewa ba a yarda a wallafa ko ɗaya ba. Yawancin masu hoto sukan amince, wasu da ɗan ƙarin kuɗi. Wanda ya fi son mace ce za ta ɗauki iyalinsa ya faɗa tun farko, mata masu wannan sana'a suna da yawa a manyan birane. Haka nan a gaya wa mai hoto irin tsayuwar da ba a so, don wanda ya saba da masoyan Turai zai ce a rungume ko a sumbata a bainar jama'a, a ganinsa aikinsa yake yi.

Sauran sharuɗɗan ma a sa su a rubuce: hoto nawa za a bayar gyararru, cikin kwana nawa, me zai faru idan aka yi ruwa ko jirgi ya makara, wa zai biya kuɗin shiga wurare da na mota, kuma nawa ne kafin alƙalami. Kada a tura kuɗi duka ga shafin da ba a tabbatar da mai shi ba, don satar hotunan wani a buɗe shafi da su abu ne mai sauƙi. Kiran bidiyo na minti biyar yakan warware wannan. Idan farashi ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran masu hoton garin, a tuna araha ba ta ado.

Don haka mai karatu, idan tafiyarka ta kasuwa ce ko ta asibiti, ko garin da kake zuwa duk shekara, wayarka ta ishe ka. Idan kuwa tafiya ce ta sau ɗaya da mutanen da ba kullum ake samun haɗa su wuri ɗaya ba, nemi ɗan garin da ka ga aikinsa a kan fata irin taka, ka sa ranar a farkon tafiya, kuma kada ka biya ko sisi sai an rubuta inda hotunan iyalinka za su tsaya.