Matakin Daskarewa da Juyewar Zafi a Duwatsu: Inda Ake Samun Bayanansu

Bisa al'ada, iska tana ƙara sanyi gwargwadon nisanta da ƙasa: a matsakaicin lissafi, ana rasa digiri 6,5 a kowace mita 1.000. Tsawon da zafin iska ke sauka zuwa digiri 0 shi ake kira matakin daskarewa. Juyewar zafi kuwa ita ce saɓanin wannan ƙa'ida, watau iskar ƙasa ta fi ta samanta sanyi. Tana aukuwa cikin dare marar gajimare da iska, sa'ad da ƙasa ta saki zafinta. Sai iska mai sanyi, da yake ta fi nauyi, ta gangaro daga tuddai ta kwanta cikin kwaruruka.

Hanya ta farko ta samun bayani ita ce balan-balan ɗin awo. Tashoshin yanayi suna sakinsa sau biyu a rana, ƙarfe 0 da ƙarfe 12 agogon GMT, ɗauke da ƴar na'ura mai aiko da zafi, laima da nauyin iska ta rediyo, har ya kai kimanin kilomita 30. Jami'ar Wyoming da hukumar NOAA ta Amurka suna ajiye waɗannan alƙaluma a intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Da wannan hanya ce tashar Payerne ta ƙasar Suwis ta sami matakin daskarewa a mita 5.298 a watan Agusta na 2023, tsawon da ba ta taɓa gani ba tun da aka fara ajiye awon a 1954.

Hanya ta biyu ita ce kundin ERA5 na cibiyar hasashen yanayi ta Turai, wanda ke sake lissafa yanayin duniya awa bayan awa tun daga 1940. Sai dai kowane gurbi nasa ya kai kusan kilomita 31, saboda haka ƙaramin kwari ɓacewa yake cikinsa.

A nan ne mai bincike ya kamata ya yi hattara. Balan-balan yana auna sararin sama, ba fuskar ƙasa ba, kuma galibi daga fili ake sakinsa, nesa da duwatsu. Abzin misali ne. Ƙololuwar Bagzan tana da mita 2.022, alhali a ƙasashe masu zafi matakin daskarewa yakan tsaya wajen mita 4.500 zuwa 5.000. Wanda ya dogara da wannan adadi kaɗai zai ce ruwa ba ya daskarewa a Abzin. Amma a dararen Disamba da Janairu yakan daskare, domin juyewar zafi tana haifar da sanyin da ke manne da ƙasa, wanda awon Yamai ba zai nuna ba.

Don haka hanya ta uku wajibi ce: a kafa ma'aunan zafi biyu ko fiye, ɗaya a gindin kwari, ɗaya a kan tudu, a riƙa kwatanta su kafin fitowar rana. Idan na ƙasa ya fi sanyi, to akwai juyewar zafi. Ga mai lambun lemu a Timiya, ko mai noman dankali a Bagzan, wannan awo ne ke nuna wurin da ɗari zai fara ƙona shuka.