Kibod mara waya ya daina buga wasu haruffa: a gyara ko a sayi sabo?

Ɗalibin da ke Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar, wanda ke haɗa kibod da wayarsa don atisayen jarrabawar JAMB, ya san muhimmancin maɓallan A, B, C da D. Ɗaya ya tsaya, atisaye ya tsaya.

A fara da duba batir, domin idan ya yi sanyi haruffa kan riƙa tsallakewa. Sannan a cire haɗin Bluetooth a sake haɗawa.

Idan maɓalli ɗaya ne ke maƙalewa, galibi ƙura ce, musamman lokacin hunturu. A kashe kibod ɗin, a kife shi a kakkaɓe, a share da burushi mai laushi. Kada a sa ruwa.

Amma idan maɓallai da yawa suka mutu lokaci guda, yawanci layin lantarkin da ke jikin ledar ciki ne ya yanke. A nan sayen sabo ya fi sauƙi.

Wajen saye, mai Bluetooth ya fi dacewa da waya, domin mai ɗan kan USB sai da OTG. Ko a Farm Centre ta Kano aka je, a gwada kowane maɓalli kafin a biya kuɗi.