Jami'a ta zo ƙofar gida, amma a duba takarda kafin a biya

A kasuwar Arzeke ta Paraku da zaurukan zango na Jugu, hirar iyaye ta sauya a 'yan shekarun nan. Da, in yaro ya ci jarrabawar bak, tambayar ita ce wa zai riƙe shi a Kwatano. Yanzu tambayar ita ce wace makaranta za a sa shi a nan gida. Na haura shekara hamsin, fiye da rabinsu a kan hanyar Paraku zuwa Jugu na yi su da kayan masarufi, kuma ina ganin wannan sauyi alheri ne, in dai an shige shi da ido buɗe.

Jami'ar gwamnati ta Paraku an kafa ta a 2001, amma ɗalibai sun yi mata yawa. Wannan ya buɗe ƙofa ga makarantu masu zaman kansu irin su HECM, mai cibiya a Kwatano da rassa a wasu garuruwa har da Paraku. Tsarinsu kamar na babban ɗan kasuwa ne: shago ɗaya a babban gari, rassa a wurare. Suna koyar da lissafin kuɗi, harkar banki, kasuwanci da kwamfuta, a tsarin shekara uku na lisans da biyu na masta. Yawancinsu suna karɓar kuɗin makaranta kashi-kashi, abin da ya dace da aljihun mai jiran ciniki.

Arahar ba a kuɗin makaranta kaɗai take ba. Daga Paraku zuwa Kwatano ya fi kilomita 400. Ka lissafa kuɗin mota, hayar ɗaki, abinci da magani na shekara uku, za ka ga sun kai jarin wani. Yaron da ke kwana gidan ubansa, ko gidan kawunsa in daga Jugu ya zo, ya tsira daga rabin wannan. Ga kuma 'ya'ya mata, waɗanda da yawanmu ba ma yarda su yi nisa. Ɗiyar ƙanena da aure da goyo take karatunta, darasi na zuwa mata ta waya, ta yi bita bayan sallar isha. Shekara ashirin baya da tuni an rufe maganar karatunta.

Sai dai karatu daga nesa ba na rago ba ne. Yana son waya mai kyau, kuɗin intanet kowane wata, wuta, da yaron da zai tsare kansa ba malami a kansa. In ka ce ɗanka ya yi karatu yana tsaron shago, to Alhaji, ka ware masa sa'o'in da ba mai aikensa. In ba haka ba, ba shagon ba karatun.

Babbar maganar ita ce takardar shaida. A ƙarshen Disamban 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa zama aji ba. Ran 2 ga Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. A watan Agustan shekarar ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce jami'o'i biyar kawai suka amince da su a Benin, uku a Togo. Jami'ar Paraku da ta Abomey-Calavi na cikin biyar ɗin. Laifin 'yan damfara ya shafi har yaran da suka yi karatunsu da gumi, kuma mu da ke da ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a Kano ko Sakkwato, mu abin ya fi taɓawa.

Don haka kafin ka zaro ko jika ɗaya, ka yi tambaya uku. Ta farko, makarantar na da izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi ta Benin, kuma izinin ya haɗa da fannin da yaron zai karanta da reshen da zai zauna? A nuna maka a rubuce, ka tafi da mai jin Faransanci. Ta biyu, tun 2017 gwamnati ta kawo jarrabawar ƙasa ta lisans ga ɗaliban makarantu masu zaman kansu. Ka tambaya ɗalibai nawa reshen ya kai bara, nawa suka ci. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye a nan, ka ɗauki hularka. Ta uku, ina yaron zai nemi aiki? In Nijar ne ko sauran ƙasashe masu Faransanci, ka tambaya ko hukumar CAMES da ke Wagadugu ta amince da takardar. In Najeriya ce, sai ka ji ta bakin ma'aikatar ilimi ta can tukuna, ko ka duba buɗaɗɗiyar jami'ar NOUN mai koyarwa daga nesa.

Ka kuma kiyayi dillalin da zai ce kawo kuɗi, digiri na wata shida. Cinikin biri a sama ke nan. Mu 'yan kasuwa ba ma sayen buhun shinkafa sai mun soka mun gani, to ina dalilin sayen shekara uku ta rayuwar ɗa da ido rufe? Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su ilimi mai amfani.