Motar rigakafi: ku dubi ruwanta tun daga Tahoua

Direbobi da ma'aikatan kiwo, in tsohuwar Land Cruiser ta tafasa tsakanin Kao da Cintabaraden, ƙanƙara ta narke, allurar ciwon huhun shanu ta lalace, makiyaya kuma sun taru a rijiya a banza.

Injin na sanyi za ku buɗe lagireto, kar tururi ya ƙone ku. Ku matsa tiyon ruwa da hannu: in ya tsage ko ya yi laushi, a sake na sama da na ƙasa gaba ɗaya. Famfon ruwa mai ɗiga kuwa, ba shi da magani sai sabo.

Wasu makanikai kan cire tamostat, wai ƙasarmu akwai zafi. Kar ku yarda, a saka sabo. Ruwan rijiya mai kanwa yana toshe lagireto, ku ɗauko jarka daga gari, da fambel guda na ajiya.