Danƙo ko maƙalau? Bisa fassarar kalmar « adhésine »

Ana iya fassara « adhésine » da « danƙo ». Mu dai ba mu gamsu ba, kuma ƙwayar sanƙarau, Neisseria meningitidis, za ta nuna dalili.

Wannan ƙwaya tana zama cikin maƙogwaron mutum, galibi ba tare da ciwo ba. Don kada majina da tari su share ta, sai ta miƙa siraran zaruruwa na furotin, « pili », su kama fatar maƙogwaro, ta ja kanta da su kamar mai fitowa rijiya da igiya. In ta matso, wasu furotin na jikinta, Opa, su riƙe abokan haɗinsu, CEACAM. In ta shiga jini, zaruruwan su kama CD147 a bangon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kamar yadda aka nuna a 2014.

Danƙo ba ya zaɓe, duk abin da ya taɓa ya liƙe. Waɗannan kuwa sai sun sami nasu gurbi, wanda yana cikin dalilan da ƙwayar ba ta kama kowa sai ɗan Adam. Shi ya sa muke ba da shawarar « maƙalau », daga « maƙale », bisa sigar « sanƙarau » daga « sanƙare ».