Ma'aikacin gwamnati da rayuwar jiran gobe

Aikin gwamnatin tarayya bisa jira aka gina shi. Ma'aikacin da ke tsakanin mataki na 07 da na 14 sai ya shekara uku kafin ya zauna jarrabawar ƙarin girma, wanda ya kai mataki na 15 kuwa shekara huɗu. Ƙarshen wata a jira albashi. Bayan shekara 35 ana aiki, ko cika shekara 60 da haihuwa, a jira fansho. Shi ya sa mutumin da ya baro Mararraba ko Kubwa da asubar fari domin isa Sakatariyar Tarayya, sau da yawa gangar jikinsa ce kawai a mota, zuciyarsa tana wajen kuɗin haya ko wata takardar da ba ta fito ba.

Wannan rabuwar jiki da zuciya tana da tsada. A 2010, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard ta Amurka sun wallafa bincike a mujallar Science, bayan sun bibiyi mutum 2,250 ta manhajar waya, suna tambayarsu ba zato abin da suke yi, da abin da suke tunani, da yadda suke ji. Kusan kashi 47 cikin ɗari na lokutan, hankalinsu ba ya kan abin da ke gabansu, kuma a sannan ne farin cikinsu ke raguwa. Abin mamaki ma, ko tunanin abu mai daɗi bai ƙara musu walwala fiye da mai da hankali ga aikin hannunsu ba. Tun ƙarni na 11 Imam Gazali ya tsawaita bayani a Ihya'u kan halartar zuciya a salla da illar dogon buri.

Ba a ce natsuwa tana cika tukunya ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota ke lashe albashi, mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 kuma bai ɗinke ɓarakar ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin shiri da zullumi. Duba asusun fansho, karanta dokokin aiki domin jarrabawa, ko rubuta ƙorafi ta hannun ƙungiya, kowanne yana da lokacinsa, kuma yana ƙarewa. Zullumi ne ke bin mutum har kan tabarmar cin tuwo, yaro na ba shi labarin makaranta, shi yana lissafi.

Yaron nan da ke aji uku na firamare, kafin mahaifinsa ya hau mataki biyu gaba, ya kusa kammala ƙaramar sakandare.