Abin Yi Idan Kwamfutar da Ka Haɗa Ta Ƙi Tashi

Tun daga shekarar 2015, hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Saboda haka ɗalibin da yake Garaku, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kokona a Jihar Nasarawa, yana bukatar sanin kwamfuta kamar yadda takwaransa na Abuja ko Kano yake bukata. Sai dai sabuwar kwamfuta tana da tsada. Hanya ɗaya ta rage tsadar ita ce mutum ya sayi sassanta ɗaya bayan ɗaya, sababbi ko na hannu, a shagunan Keffi ko a Banex Plaza da ke Abuja, sannan ya haɗa su da kansa a gida.

Mai yiwuwa ne wata rana kai ma ka yi haka. Ka tara kuɗi wata da watanni, ka ɗaura kowane sashe a gurbinsa, ka danna maɓalli, amma shiru kake ji. Fanka ba ta juya ba, fitila ba ta kama ba. A irin wannan lokaci ne ake yin asara. Wani zai yanke hukunci cewa babban sashe ya ƙone, ya tafi ya sayo sabo, alhali waya ɗaya ce ba ta zauna daidai ba. Wannan darasi zai koya maka ƙa'ida guda: ka bi hanyar wuta daga bango zuwa cikin kwamfuta, mataki bayan mataki, kuma kada ka sauya abu biyu a lokaci ɗaya.

Hanyar da wuta take bi

Ana auna ƙarfin wutar lantarki da ma'aunin da ake kira bolt. Wutar da kamfanin AEDC yake rabawa a Abuja da jihohin Nasarawa da Kogi da Neja, kamar ta sauran Najeriya, an tsara ta ne a kan bolt 230. Wannan ƙarfi ya fi abin da sassan kwamfuta za su iya ɗauka, domin su bolt 12 da 5 da 3.3 kawai suke bukata. Saboda haka a cikin akwatin kwamfuta akwai wata na'ura mai rage wuta ta kuma raba ta. Masu gyara suna kiranta fawa-fak. Daga fawa-fak wuta take zuwa madabod, wato babban allon da ake dasa sauran sassa a kansa, kamar furosesa da ram.

Yawancin kwamfutocin tebur suna bin tsarin ATX, wanda kamfanin Intel ya fitar a 1995. A wannan tsari, da zarar ka jona kwamfuta, fawa-fak yana aika bolt 5 zuwa madabod ta wata waya mai launin shunayya, ko da ba ka kunna ba. Idan ka danna maɓalli, saƙo yana zuwa ga madabod. Shi kuma madabod sai ya umarci fawa-fak ta wata koriyar waya da ya saki sauran wuta. Ka ga ke nan abin sarƙa ce: soket, waya, fawa-fak, madabod, maɓalli. Idan zobe ɗaya ya tsinke, kwamfuta ba za ta tashi ba. Aikinka shi ne gano zoben.

Kafin ka taɓa komai

Rigakafi ya fi magani. Kafin ka sa hannu cikin akwati, ka cire fulogi daga bango, sannan ka danne maɓalli na 'yan daƙiƙoƙi domin ragowar wuta ta fita. Hannunka ya kasance a bushe.

A lokacin hunturu iska tana bushewa ƙwarai a Garaku da kewaye. A irin wannan yanayi wata wuta takan taru a jikin mutum, irin wadda take sa ka ji tsit idan ka taɓa ƙofar mota. Ba ta cutar da kai, amma tana iya lalata ram ko furosesa. Don haka ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki wani sashe, kuma ka riƙe kowane sashe ta gefensa.

Abu mafi muhimmanci shi ne kada ka kuskura ka buɗe fawa-fak. A cikinsa akwai kafasita, wadda take riƙe wuta mai haɗari ko bayan an cire fulogi. Idan ya lalace, sauya shi ake yi.

Mataki na ɗaya: daga bango zuwa akwati

Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Shin akwai wuta a soket ɗin? Ka gwada shi da fankar tebur. Cajar waya ba ta isa shaida ba, domin tana iya aiki ko da ƙarfin wuta ya ragu sosai. Idan fanka tana juyi da kyar, wutar ba ta da ƙarfi. Haka kuma ƙaramin janareta da aka ɗora wa kaya da yawa yana iya kasa tayar da kwamfuta.

Idan ka jona ta sitabilaiza ko ta wata doguwar jona, ka cire su, ka jona kai tsaye a bango. Daga nan sai ka duba wayar kwamfutar. Fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi yana da fiyus a cikinsa, kuma fiyus yakan ƙone. Sau da yawa wayar monita da ta kwamfuta iri ɗaya ne, saboda haka kana iya musanya su ka gani.

Mataki na biyu: bayan fawa-fak

A bayan fawa-fak yawanci akwai makunni mai alamar I da O. Alamar I ita ce kunnawa. Wannan ɗan abu ya sha wahalar da masu haɗa kwamfuta, domin sabon fawa-fak yakan zo a kashe.

Wasu tsofaffin fawa-fak suna da wani jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, saboda haka kayan hannu da suka fito daga can suna iya zuwa a kan 115. Lallai ne ka mayar da shi kan 230 tun kafin ka jona. Idan ka jona shi a kan 115, zai iya ƙonewa nan take.

Mataki na uku: wayoyin ciki

Yanzu ka cire fulogi, ka buɗe akwati. Wayoyi biyu ne suke kai wa madabod wuta. Babbar tana da kai mai ramuka 24. Tana da tauri wajen shiga, kuma sau da yawa takan tsaya rabi. Ka tallafi madabod, ka danna ta har sai ɗan maƙallin da ke gefenta ya kama. Ta biyun tana da ramuka 8 ko 4, kuma gurbinta yana kusa da furosesa. Sabon mai haɗi yakan manta da ita.

Ka lura da kyau, akwai wata waya mai ramuka 8 wadda ta katin hoto ce. Sun yi kama, amma tsarin wutarsu ya bambanta. Ka karanta rubutun da ke jikin kowace. Idan waya ta ƙi shiga cikin sauƙi, kada ka tilasta mata. Bayan haka ka jona wuta ka duba. Wasu madabod suna da 'yar fitila da take kamawa idan bolt 5 ɗin nan ya iso.

Mataki na huɗu: maɓalli

Daga maɓallin gaban akwati akwai siririyar waya da aka rubuta wa PWR SW ko POWER SW. Ana saka ta a kan 'yan fil biyu na ƙarfe a gefen madabod. Fil ɗin suna da yawa a wuri ɗaya, kuma kuskure a nan ba wuya. Ka buɗe littafin jagora na madabod ɗinka, ka tabbatar da gurbin.

Domin gwada maɓallin kansa, ka cire wayar, ka jona wuta, sannan ka taɓa waɗannan fil biyu tare da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. Ka yi hattara kada ka taɓa na kusa da su. Idan kwamfuta ta tashi, to maɓalli ne ko wayarsa ke da matsala, sauran kayanka lafiya lau suke.

Mataki na biyar: gwajin fawa-fak shi kaɗai

Wannan gwaji ka yi shi a gaban malami ko wani wanda ya san aikin. Ka cire fulogi, ka raba fawa-fak da dukkan sassa. A kan babbar waya mai ramuka 24, ka nemi koriyar waya, wadda take rami na 16. Ka lanƙwasa ɗan guntun waya, ka haɗa raminta da na baƙar waya da ke kusa da ita. Idan wayoyin duk baƙaƙe ne, kada ka yi ƙiyasi, ka nemi zanen ramukan a littafin jagora. Sannan ka jona wuta ka kunna.

Idan fankar fawa-fak ta juya, ya farka ke nan. Amma wasu na zamani ba sa juya fanka sai sun ɗauki zafi, don haka mitar gwajin wuta ta fi ba da tabbaci. Tsakanin rawayar waya da baƙa ya kamata ka ga bolt 12, tsakanin ja da baƙa bolt 5, tsakanin ruwan goro da baƙa kuwa bolt 3.3. Tsarin ATX ya yarda da bambancin kashi 5 cikin 100. Wato bolt 12 bai kamata ya gaza 11.4 ko ya wuce 12.6 ba.

Mataki na shida: fitar da madabod

Ƙasan madabod cike yake da ɗigon dalma. Idan ya taɓa ƙarfen akwati, wuta za ta bi hanyar da ba tata ba, fawa-fak kuma zai kashe kansa domin kariya. Alamar haka ita ce fanka ta motsa sau ɗaya ta tsaya. Shi ya sa ake ɗora madabod a kan 'yan ginshiƙan ƙarfe. Ginshiƙi ɗaya da aka ɗaura inda babu rami, ko sukuru ɗaya da ya faɗa ƙarƙashi, ya isa ya hana kwamfuta tashi.

Ka fitar da madabod, ka ɗora shi a kan kwalinsa. Ka bar furosesa da fankarta da ram guda ɗaya kawai, ka jona fawa-fak, ka tayar da sukudireba. Idan ta tashi, sai ka riƙa mayar da sassa ɗaya bayan ɗaya, kana gwadawa. Sashen da ka saka ta mutu, shi ne mai laifi.

Idan fanka tana juyi amma babu hoto

Wannan matsala ce dabam, domin wuta ta riga ta iso. Ka cire ram ka sake danna shi har maƙallansa su kama. Idan kana da katin hoto, wayar monita a jikinsa za ta shiga. Kana kuma iya cire ɗan batirin madabod mai kama da kwabo, wato CR2032 mai bolt 3, na 'yan mintuna, domin saitin madabod ya koma yadda kamfani ya tsara shi.

Lokacin neman mai gyara

Idan ka ji ƙauri, ko ka ga hayaƙi ko tartsatsi, ka cire fulogi nan da nan, kada ka sake gwadawa. Haka nan idan ka bi matakan nan shida ba ka dace ba, lokaci ya yi da za ka kai ta wurin gwani. Matambayi ba ya ɓata. Ka tafi da takardar da ka rubuta abin da ka gwada da abin da ka gani, tare da rasidin kayanka. Mai gyaran da ya ji cewa ka riga ka gwada soket da maɓalli da fawa-fak zai taƙaita bincikensa, kai kuma ba za ka biya kuɗin sashen da ba ka bukata ba. Idan kwamfutar ta tashi, ka kiyaye ta: ka riƙa cire fulogi idan ana tsawa da damina, kuma ka riƙa share ƙurar hunturu daga fankokinta.

Ma'anar kalmomi

Gurbi: wurin da aka tanadar wa abu.
Takwara: wanda yake daidai da wani a matsayi, ko mai suna irin nasa.
Na hannu: kayan da wani ya riga ya yi amfani da su.
Maƙalli: ɗan abin da yake riƙe wani abu kada ya fita.
Ƙiyasi: yanke hukunci ba tare da tabbaci ba.
Ƙauri: warin abin da yake ƙonewa.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin fawa-fak a cikin kwamfuta?
2. Don me cajar waya ba ta isa shaidar cewa wuta tana da ƙarfi ba?
3. Me zai iya faruwa idan aka jona fawa-fak a kan 115 a Najeriya?
4. Me ya sa aka hana buɗe fawa-fak?
5. Bayyana dalilin da ya sa bai kamata a sauya abu biyu a lokaci ɗaya ba.

Aiki

Ka zana hanyar wuta daga soket zuwa madabod, ka rubuta sunan kowane sashe da Hausa. Sannan ka gina jimla ɗaya da kowace daga cikin waɗannan kalmomi: jona, danna, lanƙwasa, musanya, tallafa.